Kafin ka kira mutum da Ingilishi, ka zaɓi kalmarka

Ɗana, kai da ke karatu a kwalejin Dogondutsi ko ta Tibiri, kada ka ɗauka Ingilishin nan na jarrabawar BEPC ne kawai. Kangiwa da Argungu ba su da nisa da mu. Ranar da ka tsallaka Kebbi, ko ka aika wa baƙo saƙo ta WhatsApp kana son ya zo, ladabinka za a auna.

Tarkonmu na farko Faransanci ne. Mun saba da demander, wadda roƙo ce, sai mu ɗauko demand muna tsammanin 'yar'uwarta ce. Ina! Demand tilastawa ce. Yaron da ya yi amfani da ita ga dattijo sammaci ya aika masa. Idan roƙo kake, ask ta wadatar. Idan kuwa suna ne ko ɗaurin aure, an sa rana, an san gida, to invite ce gayyatar.

Join ta abin da ya riga ya kankama ce. Kuna cin tuwo, mutum ya yi sallama, ka ce "join us", bismillarmu ke nan. In kana neman abokin hanya zuwa Matankari, "come along" za ka ce. Accompany ta fi zama a takarda da ofis. Maƙwabtanmu na Najeriya kan ce escort ga rakiyar baƙo, kuma a can an fahimta, amma Baturen Ingila ya fi jin ta ga ɗan sanda ko mai gadi. Shi "see off" ya sani.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce "ask out". Yaro ya ga ask, ya ga out, ya ce ai fita ce kawai. To, wanda ya ce "I asked her out" ya shaida wa duniya cewa soyayya ya nema. Ka faɗi haka a kan 'yar ajinku da ka kira bitar darasi, balle matar aure, ka ɓata sunan da ba ka iya gyarawa. A Arewa magana ba ta kwana wuri ɗaya.

Duk kalmar da ka tsinta a fim ko waya, ka kai wa malaminku na Ingilishi ya faɗa maka wa ake gaya wa ita, kafin ta fito daga bakinka.