Ta'aziyyar Yaron Bama

Ya Rabbi, ji ƙan yaron da ya tafi Bama,
Ya bar uwa a zango, ba shi komowa.
Ba wanka, ba likkafani, ba liman,
Sai suna a dutse, ba mai karantawa.

Sharhi: Ana nufin samarin zangunan Kumasi da Tamale waɗanda Turawan Ingila suka ɗauka soja, suka yaƙi Japan a Kaladan da Myohaung, 1944 zuwa 1945. A maƙabartar soja ta Taukkyan, kusa da Rangun, an sassaƙa sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, har da namu.

Ya 'yan'uwa, a mazhabar Maliku ba a yi wa ga'ibi salla, amma sadaka da addu'a suna riskarsa. Wanda kakansa ya kwanta can, ya ambace shi bayan wazifa, ya ciyar da almajiri dominsa.