Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mana yawo a zuci, wadda muka ga ya dace mu kawo ta gaban 'yan'uwa marubuta a wannan fitowa, domin mu taru mu yi mata duban tsanaki. Tambayar kuwa ita ce: idan mutum ya gina zaure ya ce na kowa da kowa ne, amma ya yi masa ƙofar da wasu bayin Allah ba za su iya bi ba, alhali kuwa bai yi nufin hana su shiga ba, shin yana da laifi ko ba shi da shi? Zauren da muke nufi shi ne shafukan yanar gizo, inda a yau muke baje kolin labarai da waƙoƙi da sanarwar tarurrukanmu. Waɗanda ake bari a waje kuwa su ne makafi da kurame da masu raunin gani da waɗanda hannuwansu ba sa iya sarrafa na'ura yadda namu ke yi.

Kafin mu shiga muhawara, ya kamata mu san yadda makaho ke karatu a yanar gizo, don da yawa daga cikinmu ba mu taɓa tsayawa mun tambaya ba. Akwai manhajoji da ake kira masu karanta allo, waɗanda ke bin rubutun da ke kan kwamfuta ko wayar hannu suna furta shi da murya. Daga cikinsu akwai JAWS, akwai VoiceOver da ke cikin wayoyin iPhone tun 2009, akwai TalkBack na wayoyin Android, akwai kuma NVDA, wadda wani makaho ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Michael Curran ya fara ginawa a 2006, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya kama masa, suka bayar da ita kyauta ga duniya. Aikin irin wannan manhaja shi ne karanta haruffa. Idan ta iso kan hoto, sai ta nemi ɗan bayanin da mai shafin ya maƙala wa hoton ta karanta. In babu bayanin, sai dai ta ce "hoto" ko ta karanto sunan fayil wanda ba shi da ma'ana, ta wuce. Haka nan wanda hannunsa ke rawa ko ya shanye, da maɓallan rubutu kaɗai yake yawo a shafi, don haka duk abin da ba a iya kai wa gare shi sai da linzamin kwamfuta, to a wurinsa tamkar babu shi ne. Kurma kuwa, majigin da ba a rubuta maganganun cikinsa a ƙasa ba, motsin baki kawai yake gani.

A nan ne za mu ga bambancin da ke tsakanin takarda da yanar gizo. A zamanin takarda, makaho ba ya samun littafi sai an sake buga shi da wani rubutu daban. Louis Braille na ƙasar Faransa, wanda ya makance tun yana yaro, ya tsara rubutunsa na ɗigo shida a 1824 yana ɗan shekara 15, kuma har yau da shi ake amfani. Sai dai littafin Braille yana da girma da nauyi da tsada, shi ya sa kaɗan ne daga littattafan duniya aka mayar zuwa wannan rubutu. Marubucin wancan zamani yana da uzuri, don ba shi da injin, ba shi da kuɗin. Rubutun kwamfuta kuwa ba haka yake ba. Harafi ɗaya da muka buga yana iya zama murya a kunnen makaho, yana iya ƙara girma a idon tsoho, yana iya zama ɗigon Braille a ƙarƙashin yatsun wanda ba ya gani kuma ba ya ji. Watau dai rijiyar ta riga ta ba da ruwa. Idan ruwan bai kai bakin mai ƙishi ba, to a binciki guga, gugan nan kuwa mu ne, masu rubutu da masu gina shafuka.

Waɗanda suka kafa wannan fasaha ba su yi sakaci da maganar ba. Tim Berners-Lee, Baturen Ingila da ya ƙirƙiro yanar gizo a 1989, ya kafa ƙungiyar W3C a 1994 don tsara ƙa'idojinta. A 1997 ƙungiyar ta buɗe sashe na musamman kan buƙatun naƙasassu, a 1999 kuma ta fitar da ƙa'idojin da aka sani da WCAG, waɗanda aka sabunta a 2008 da 2018 da 2023. Tun daga bugun 2008 ƙa'idojin sun tsaya ne a kan ginshiƙai huɗu: abin da ke shafi ya zama mutum na iya riskarsa ta ido ko kunne ko taɓawa, ya zama yana iya sarrafa shi, ya zama yana iya fahimtarsa, ya kuma zama na'urori iri-iri na iya karanta shi. Amma duk da haka, cibiyar WebAIM ta Amurka, wadda ke bincikar shafukan farko na manyan gidajen yanar gizo miliyan ɗaya a kowace shekara, ta samu a 2024 cewa kashi 95.9 cikin 100 suna da kurakuran da suka saɓa wa ƙa'idojin. Kuskuren da ya fi yawa shi ne rubutun da launinsa bai bambanta sosai da launin shafi ba, sai kuma hotuna marasa bayani na cikin na gaba-gaba. Duk ƙananan abubuwa ne da gyaransu ba ya bukatar wani dogon ilimi.

To, yanzu mu koma ga tambayarmu. Uzuri na farko da kowannenmu zai kawo shi ne: ni ban yi niyyar hana kowa ba. Gaskiya ne, kuma niyya tana da muhimmanci wajen auna laifi. Amma wanda ya haƙa rami a kan hanya don ya ɗebi ƙasar gini, shi ma bai yi niyyar karya ƙafar kowa ba, kuma ba wanda zai ce ba ruwansa idan makaho ya faɗa ciki. Rashin sani uzuri ne har zuwa ranar da aka sani. Daga ranar da aka gaya wa mai ramin cewa mutane na faɗawa, ya kuma bar shi a buɗe alhali yana da ikon rufewa, to al'amarin ya tashi daga kuskure ya koma sakaci.

Wani abu da ya faru a Ostireliya ya isa misali. Lokacin da ake shirin wasannin Olamfik na birnin Sidni na shekarar 2000, wani makaho mai suna Bruce Maguire ya kai ƙarar kwamitin shirya wasannin gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar, saboda shafin wasannin ba ya karantuwa gare shi. Kwamitin ya kawo hanzarin cewa gyaran zai yi masa nauyi ƙwarai. Hukumar ta saurari masana, ta ƙi karɓar wannan hanzari, ta yanke cewa an nuna masa wariya. Da kwamitin ya kasa cika umarnin gyara, sai aka ce ya biya shi diyyar dalar Ostireliya 20,000. Abin lura a nan shi ne, mutumin nan sakamakon wasanni kawai yake so ya sani kamar kowa, a lokacin da kowa ke sani, ba tare da ya roƙi wani ya karanta masa ba.

Wannan ya kawo mu ga zuciyar maganar, watau shin buɗe wa naƙasasshe ƙofa sadaka ce ko haƙƙi ne? Mu Hausawa ba a san mu da rowa ga naƙasassu ba. Muna ba da sadaka ran Juma'a, garuruwanmu suna da Sarkin Makafi da sauran sarautu irinta. Sai dai sadaka tana da wata ɗabi'a: mai bayarwa shi ke zaɓen lokaci da adadi, shi ake yi wa godiya, in kuma bai bayar ba babu mai tuhumarsa. Haƙƙi kuwa bashi ne, wanda ya biya bai yi gwaninta ba, wanda ya hana ya yi zalunci. Muddin muna kallon makaho a matsayin mai karɓa kawai, ba za mu taɓa tuna cewa shi ma mai karatu ne ba, mai sukar littafi ne, watakila ma marubuci ne da ya fi mu.

Mu tuna sababin saukar Suratu Abasa. Sahabi Abdullahi ɗan Ummu Maktum, Allah Ya yarda da shi, makaho ne, kuma abin da ya zo nema a wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ilimi ne, a daidai lokacin da ake ƙoƙarin jawo hankalin manyan Ƙuraishawa. Darasin surar a fili yake, mai neman sani ba a jinkirta shi don naƙasarsa. Wannan sahabi daga baya ya zama ladan tare da Bilal, an kuma sha barinsa ya kula da Madina. A gida ma muna da Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, wanda ya rasu a 1990, makahon da masu ido suka yi shekaru suna neman digiri da nazarin waƙoƙinsa. Da yana raye a yau, aka ɗauki hoton shafin littafinsa aka liƙa a yanar gizo kamar yadda muka saba yi, da manhajarsa ta ce masa "hoto" ta yi shiru.

Uzuri na biyu shi ne: su nawa ne, kuma ai ba ma ganinsu a shafukanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3 ne ke da babbar naƙasa, watau kusan mutum ɗaya cikin kowane shida. Rashin ganinsu kuwa ba hujja ba ce, don wanda ya rufe ƙofa ba ya cewa babu baƙi. Daɗin daɗawa, lafiyar da muke taƙama da ita aro ce. Idon da ke karanta wannan mujalla yau, shekaru ko ciwon sukari ko hawan jinin ido na iya dusashe shi gobe. Shafin da muka gyara don wani, wata rana mu ne za mu ci moriyarsa.

Uzuri na uku ya fi sauran ƙarfi, kuma ya shafe mu kai tsaye. Marubuci zai ce: ina sa labarina a hoto ne, ko in kulle fayil ɗin, don tsoron ɓarayin fasaha masu kwafe gumin mutum su liƙa sunansu. Wannan tsoro na gaskiya ne, duk mun san zafinsa. Amma mu auna. Ɓarawon da ya yi niyya zai zauna ya sake buga rubutun da hannunsa, ko ya sa manhajar da ke zaƙulo haruffa daga hoto. Makaho shi ma yana iya gwada irin wannan manhaja, sai dai sau da yawa takan yi tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ, har ma'ana ta jirkice. Ashe katangar ba ta tsare ɓarawo ba, mai gaskiya ta wahalar. Duniya ma ta duba wannan saɓani tsakanin haƙƙin mallaka da haƙƙin karatu, inda a 2013 aka ƙulla yarjejeniyar Marakash a ƙasar Maroko, wadda ta yarda a mayar da littattafai zuwa sigar da makafi ke iya karantawa ba tare da jiran izinin mai littafi ba. Nijeriya ta amince da ita a 2017. Kafin nan ta amince a 2010 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 9 ya ambaci intanet ƙarara, a watan Janairun 2019 kuma aka sa hannu a dokar hana nuna wariya ga naƙasassu. Doka dai tana nan, amma doka ba za ta zo ta rubuta wa hotonmu bayani ba.

Ba mu ce komai mai sauƙi ne ba. Ɗaukar mai fassara da maganar hannu yana cin kuɗi, rubuta maganganun dogon majigi yana cin lokaci, kuma ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Amma akwai abubuwan da ba sa cin ko kwabo, waɗanda rashin yin su ba shi da hanzari. Idan mun sa sanarwar taro a hoto, mu rubuta ranar da wurin da lokacin a ƙarƙashinsa da haruffa. Idan mun sa hoto, mu bayyana abin da ke cikinsa a jimla ɗaya, wannan kuwa ai sana'armu ce. Mu guji rubutu mai launin toka a kan fari. Mu yi amfani da haruffanmu masu ƙugiya yadda ya kamata. Idan mun karanta waƙa da murya, mu haɗa da rubutunta don kurame. Idan kuma za mu ba wani aikin gina wa ƙungiya shafi, mu sa masa sharaɗin bin ƙa'idojin nan tun farko, don tun ran gini ran zane, gyara daga baya ya fi tsada. Mafi muhimmanci, mu nemi 'yan'uwanmu makafi da kurame su gwada shafin su gaya mana inda ya toshe, don mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Amsar tambayarmu ke nan a namu ganin. Mai zaure ba shi da laifi kafin ya sani, amma da zarar ya sani, gyaran kuma yana cikin ikonsa, to haƙƙin duk wanda ya tsaya a waje yana wuyansa. Mu da muka karanta wannan, yanzu mun sani. Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya kuma sa alƙalumanmu su amfani mai gani da marar gani baki ɗaya, amin.