Ina Tsoho Zai Ƙare Kwanakinsa? Tsakanin Arha da Haƙƙi

Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya shimfiɗa ƙasa domin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, wata al'ada ta yaɗu a ƙasashen Turawa: ma'aikaci ya yi ritaya, ya ga kuɗin fanshonsa ba su isarsa a garinsu, sai ya nemi ƙasar da rayuwa ke da arha ya koma can. Tsofaffin Faransa suna komawa Agadir da Marrakesh a Maroko, ko Sali a gaɓar tekun Senegal. Tailan tana ba wanda ya kai shekara 50 takardar zama idan ya ajiye bat 800,000 a banki. Fotugal kuwa a 2009 ta fara yi wa baƙi sassaucin haraji a kan fanshonsu. Tambayarmu ita ce: shin arha kaɗai ta isa dalilin da mutum zai zaɓi inda zai ƙare rayuwarsa?

Asalin al'amarin halal ne. Alƙur'ani ya sanar da mu a Suratun Nisa'i cewa ƙasar Allah tana da yalwa, kuma tattalin dukiya hali ne na mai hankali. Dattijon da ya guje wa bashi da roƙo ta hanyar komawa inda ɗan abin hannunsa zai rufa masa asiri bai yi laifi ba.

To amma sai mu tambaya: daga ina arhar take fitowa? Kudin Turai ɗaya, wato yuro, daidai yake da sefa 655 da ɗoriya. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi; a dare ɗaya abin hannun baƙo ya ninka, uban gida kuwa ya ga magani da kayan waje sun yi masa tsada. Ashe abin da baƙo ke kira arha, sau da yawa ƙarancin ladan mai gadi ne, da na mai wanki, da na mai dafa abinci. Kuma idan masu kuɗi suka yi yawa a unguwa, kuɗin haya sai ya hau, ɗan gari ya rasa ɗaki a inda aka yanke cibiyarsa. Tsadar gidaje na cikin dalilan da suka sa Fotugal ta rufe wancan sassauci ga sababbin zuwa daga farkon 2024. Wanda ya ci moriyar talaucin mutane, to haƙƙin maƙwabtaka ya hau kansa: ya biya ma'aikaci ladan da zai ci da iyalinsa tun guminsa bai bushe ba, ya fitar da zakkarsa da sadakarsa a cikinsu, kada ya kewaye kansa da katanga yana kallonsu kamar kayan aiki.

Sannan akwai abubuwan da alƙalamin lissafi ba ya kamawa. Tsoho yana bukatar wanda zai riƙe hannunsa zuwa masallaci, da jikan da zai aika, da maƙwabcin da zai lura idan bai fito sallar asuba ba. Yana bukatar wanda zai laƙƙana masa kalmar shahada, da masu yi masa wanka da sutura da salla. Ƴaƴansa su ma suna da haƙƙin samun ladan hidimarsa, wanda Suratul Isra'i ta ɗora musu lokacin da iyaye suka tsufa a wurinsu. Wanda ya nisanta kansa domin ragowar ƴan jikkuna, ya rufe wa zuriyarsa wata ƙofar Aljanna, ya kuma raunana zumuncin da Allah Ya yi umarni a sadar.

Ku dubi tsofaffin sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi. An daskarar da fanshonsu tun 1959, kuma waɗanda ke karɓar tallafin tsufa sai da aka wajabta musu zaman wata 6 a kowace shekara a Faransa, cikin ƙananan ɗakuna, nesa da iyali. Sai a Janairun 2023 aka ɗage musu wannan sharaɗi, wasunsu suka koma Senegal suna da shekara kusan 90. Waɗannan bayin Allah sun san ƙimar mutuwa a gaban dangi, domin sun ɗanɗani rashinta.

Mu ma muna da namu. Tun da daɗewa mutanenmu ke nufar Gabas domin su ƙare kwanakinsu kusa da Ɗakin Allah; garin Maiwurno na bakin Kogin Nilu a Sudan ya kafu ne bayan yaƙin Burmi na 1903. Niyyar kyakkyawa ce, kuma hadisi ya tabbatar da cewa hijirar kowa tana ga abin da ya yi ta dominsa. Sai dai wanda ya shiga da takardar umra ya ɓuya, ya bar iyali babu ci babu sha, ya koma yana bara yana gudun askarawa, ya saɓa alkawari, ya tozarta amana, kuma kusancin Ka'aba ba ya kankare haƙƙin mutane.

Saboda haka duk mai niyyar ƙaura a tsufansa ya auna abu huɗu kafin ya duba farashin gero da haya: zai iya tsayar da addininsa a can a fili? Akwai wanda ciyarwarsa ke wuyansa da zai tagayyara? Zamansa zai zama alheri ga mutanen garin, ko ƙunci? Wa zai tsaya kansa ranar ciwo da ranar mutuwa? Idan amsoshin sun yi kyau, ya yi istihara, ya yi shawara da iyalinsa, ya rubuta wasiyyarsa, ya tafi da albarka. Idan ba su yi ba, to arhar nan ta fi kowace tsada tsada.

A ƙarshen Suratu Luƙmana Allah Ya gaya mana babu ran da ya san ƙasar da zai mutu a cikinta. Wurin ba ya hannunmu. Halin da mutuwa za ta same mu a kai, shi ne za a tambaye mu. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba tsofaffinmu masu jin ƙansu, Ya sa mu cika da imani. Amin.