Ɗana, Buɗe Bakin Dokinka Ka Duba

Ɗana, kai da ka fara ɗaura sirdi a Kurya Madaro kana ɗokin ranar kilisa, ga abin da nake so ka riƙa yi. In kun dawo daga sukuwa, kafin ka kai doki turke, buɗe bakinsa ka duba. Linzaminmu na gargajiya yana da harshen ƙarfe mai danna ganɗa da zobe mai matse haɓa. A hannun gwani, yatsu biyu sun isa a sarrafa doki da shi. A hannun yaro mai neman guɗa, wanda zai sako doki a guje sannan ya fizge shi don ya yi zamiya a gaban 'yan mata, kayan azaba ne. Jan kumfan nan da wasu ke yabawa jini ne. Shafa haƙarƙarinsa inda ƙaimi da gefen likkafa suka yi ta sara, sannan ka ɗaga zubka ka ga gadon baya. Mikin sirdi ba ya warkewa ana hawa kullum, ko da an lulluɓe shi da jalala mai tsada.

Kada wani ya ce maka wannan tausayin baƙon abu ne a ƙasar mahaya. Namoda, wanda Ƙaura take ɗauke da sunansa, yana cikin waɗanda suka ci Alƙalawa a 1808, kuma mutanen zamaninsa ransu yana rataye ne da lafiyar dawakinsu. Shi ya sa fada ta ware sarauta guda, Shamaki, don kula da barga. Tun kafin su, Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya shirya tseren dawaki a Madina, ya ba waɗanda aka horar zango mai nisa, waɗanda ba a horar ba ya taƙaita musu. Dubi wannan adalci! Yanzu fa? Doki ya yi watanni a turke, rashin tsaro ma ya hana a fita da shi bayan gari ya motsa jiki, ranar biki sai a kwance shi a yi ta gudu da shi cikin zafin bazara har ya faɗi. Wani har ƙwaya yake ɗura masa don kada ya ji gajiya. Muslim kuma ya ruwaito hani ga dukan dabba a fuska da yi mata lalas a fuska.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun masu kallo. Kowa ya gani, kowa ya ce ai dokinsa ne, da kuɗinsa ya saya. To ka sani Abu Dawuda ya kawo labarin raƙumin da ya zubar da hawaye a gaban Annabi, aka nemo mai shi aka yi masa faɗa kan yunwa da wahalar da yake ba shi. Ba a ce raƙuminsa ne ba. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta sa azabtar da dabbar gida cikin laifuffuka. A Ingila, Charlotte Dujardin, mai lambobin zinare uku na Olamfik, ta rasa gasar Faris ta 2024 saboda wani ya miƙa bidiyon da take zabga wa doki bulala a ƙafafu, daga baya aka dakatar da ita shekara guda. Da mai bidiyon ya yi shiru, da an ci gaba da tafa mata.

Don haka in ka gani, fara da mahayin, a gefe, cikin mutunci; da yawa rashin sani ne. In ya ƙi, je wurin mai dokin, domin sau da yawa na aro ne ko na haya, mai shi bai san abin da ake yi ba. Daga nan sai manyan 'yan doki masu shirya kilisar, sai mai unguwa ko hakimi, sai Hisba. Faɗi ranar, da wurin, da abin da idonka ya gani, ba ƙari. In ka ɗauki hoto a waya, kai wa mai iya tsawatarwa, kada ka watsa don a yi ta zagin mutum. Dokin da ya ji ciwo kuwa likitan dabbobi zai gani, ba toka da baƙin mai ba.

Kuma kada ka manta da yaron barga, mai yankan ciyawa da kwashe kashi. Shi ake ɗora wa doki mai zafi ranar tsere saboda ba shi da nauyi, shi ake duka in doki ya rame. In ka ga an yi masa haka, ko babba yana keɓewa da shi ta hanyar da zuciyarka ba ta kwanta ba, kada ka jira a gama biki. Sanar da iyayensa da mai unguwa a ranar.