SHIN FAƊIN "ZAN IYA" YA SAƁA WA TAWAKKALI?

 

Ya kai ɗan'uwa matashi, ka sani masana halayyar ɗan Adam suna da wani awo da suke yi wa ɗalibai. Ba karatun suke aunawa ba, a'a, suna auna yadda ɗalibi ya yarda a ransa cewa zai iya. Wanda ya kafa wannan magana shi ne Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka, cikin 1977. Wasu Jamusawa biyu kuma, Schwarzer da Jerusalem, suka tsara takarda mai jimloli 10. A kowace jimla ɗalibi zai ba kansa maki daga 1 zuwa 4, watau mafi ƙasa 10, mafi sama 40.

To, wani zai ce ai wannan ujubu ne, iyawa ta Allah ce. Gaskiya ne iyawa tasa ce. Amma duba Hijira. Manzon Allah (S.A.W.) ya tanadi abin hawa, ya ɗauki ɗan jagora wanda ya san hanya, ya ɓuya kwana 3 a kogon Sauru. Ran Uhudu kuwa sulke biyu ya sa. Wa ya fi shi tawakkali? Ujubu shi ne ka jingina nasara ga kanka ka manta wanda Ya ba ka. Amma ka san Allah Ya ba ka hankali da lafiya, ka ce in sha Allahu zan iya, wannan yarda da ni'ima ce. Mai musun ni'imar don ya tsere wa wahala, lalaci ne ya sa wa rigar ƙaddara.

Bandura ya ce babban abin da ke gina wannan yarda shi ne mutum ya taɓa gwadawa ya ci nasara. Yanzu kawo wannan Birnin Gwari. A watan Maris na 2021, 'yan bindiga suka ɗauke malamai 3 a firamaren Rama. Ran 7 ga Maris 2024 aka kwashe yara fiye da 130 a Kuriga, cikin Chikun, maƙwabciyarmu. Yaron da ya tashi yau makaranta a buɗe gobe a rufe, ko ya yi gudun hijira daga ƙauyensu, yaushe ya tara nasarorin da zai tuna? In ka ba shi takardar nan ya ci kaɗan, kada ka ce daƙiƙi ne, kada kuma ka ce imaninsa ne ya yi rauni. Abin da aka hana shi ka auna.

Awon kuma yana da makanta. Wanda ya karɓo laya wajen boka don jarrabawa, ko aka yi masa alkawarin satar amsa, zai iya cika 40 cif, alhali kansa fanko. In ya ƙudurta layar ce mai amfanarwa, to ya faɗa shirka, Allah Ya kiyaye. Na cikin daji ma da wannan ƙofa suke shigo wa yaro: boko ya fi ƙarfinka, ga bindiga, ga babur. Ai wanda ya yanke ƙauna daga alƙalami ba ya wuyar saye.

A Nuwamba 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Kasuwa rana ɗaya take buɗuwa, zuciyar da ta saba da "ba zan iya ba" kuwa sai an bi ta a hankali. Kada ka tambayi kanka ko za ka zama likita, tambayar ta yi faɗi. Tambayi kanka ko za ka iya lissafi 5 tsakanin Magariba da Isha'i, ko haddace aya 3 bayan Asuba. Ka yi, ka rubuta a bayan littafinka. Ran Juma'a ka ƙirga, sannan ka zaunar da ƙanenka da ya bar aji, ka fara shi da lissafin da ka tabbata zai ci.