Haƙƙin Ɗan Tsako

Mu da muka fara kiwon kaji a nan Sakkwato, darasinmu na farko shi ne, 'yan tsakin da ake kawowa daga Ibadan marayu ne. Wanda ya saye su shi ne uwarsu. A makon farko suna bukatar ɗumin kusan digiri 33, shi ya sa muke kwana duba fitila da hunturu. In sun cure jikinta, sanyi ne; in sun watse suna haki, zafi ne.

To, munafunci ne yi wa abin yanka wannan hidima? A'a. Lalle sabo da kaza ba ya hana yanka, amma yankan gobe ba ya soke haƙƙin yau. Nama muka saya. Rai kuwa amana ce a hannunmu.