Sabar Imel Ba Abin Kunnawa a Manta Ba Ce

Akwai wani sakaci da ya zama ruwan dare a kamfanoni da ma'aikatu, kuma ba shi da wani suna sai cin amana. A ɗora sabar imel, a ga saƙo yana shiga yana fita, sai a ce "ai tana aiki", a ja ƙofa a tafi. Shekara ta zagayo ba wanda ya sake leƙa saitinta. To wa aka bar wa gadin takardun kwangila, da albashin ma'aikata, da lambobin asusun abokan ciniki?

A ranar 2 ga Maris 2021 Microsoft ta fitar da gyaran gaggawa na wasu ɓaraka a manhajarta ta sabar imel, Exchange, bayan masu kutsen da ta kira Hafnium sun riga sun fara shiga ta nan. Dubban sabobi aka dasa wa ƙofar sirri. Hukumar kula da bankuna ta Tarayyar Turai sai da ta rufe imel ɗinta. A Amurka kuwa, a watan Afrilu FBI ta karɓo izinin kotu ta shiga ɗaruruwan kwamfutoci ta cire abin da aka dasa, domin masu su ba su cire ba. Wa'adin tallafin Exchange 2016 da 2019 ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025. Wanda ke riƙe da su har yau ba shirin ƙaura, me yake jira?

Wani kuma ya bar sabarsa tana karɓar saƙon kowa ta isar, ba tambaya. 'Yan damfara su mai da ita jakin kaya, ƙungiyar Spamhaus mai yaƙi da saƙonnin banza ta sa adireshinta cikin waɗanda ake toshewa, wasiƙun kamfanin na gaskiya su riƙa dawowa.

Mafi ciwo shi ne barin sunan kamfani ba hatimi. SPF yana bayyana sabobin da aka yarda su aika saƙo da sunanka. DKIM yana sa wa saƙon hannu. DMARC yana gaya wa mai karɓa abin da zai yi da na jabu. Aikin layuka kaɗan ne, amma a ƙi yi, ko a yi DMARC a bar shi yana kallo kawai ba ya korar komai. Tun Fabrairu 2024 Google da Yahoo suka wajabta waɗannan a kan masu aika saƙo da yawa. Sai an tilasta mana kafin mu kare sunanmu?

Ga inda abin ke ƙarewa. An saci kalmar sirrin manaja, ba mataki na biyu na tantancewa. Ɓarawo ya saita akwatin ya riƙa tura masa kwafin kowane saƙo, ya zauna makonni yana karantawa, ya koyi yadda oga ke gaisuwa. Ranar biyan ɗan kwangila, akanta ya ga saƙo daga adireshin da ya sani: an canza asusu, a tura kafin a tashi. Ya tura. FBI ta ce a 2023 kaɗai irin wannan damfara ta ci sama da dala biliyan 2.9 a ƙorafin da aka kai mata. Kuɗi sun tafi, ɗan kwangila yana bin bashinsa, abokan ciniki sun janye. Akantan za a kora, alhali shugaban da ya hana kuɗin sabunta sabar yana nan a kujerarsa.